Yaro ya ƙera inji, saura a koya masa sayarwa

A makarantun fasaha da kwalejojin kimiyya, har ma da zaurukan unguwa, akwai matasa masu hannu ƙwarai. Za ka ga yaro ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da falanki da tsohuwar fankar kwamfuta, wani ya ƙera murhu mai tsimin gawayi, wata ta haɗa akwatin busar da tumatir da zafin rana. A ɗauki hoto a watsa a Facebook, jama'a su yi ta sa albarka. Bayan wata shida in ka tambayi inda abin yake, sai a nuna maka shi a lungu, ƙura ta rufe shi. Abin akwai ciwo, domin basirar tana nan, wanda zai zaunar da yaron ya koya masa lissafin kasuwa ne aka rasa.

Wannan bayani na malamai ne da iyaye da masu horarwa. Zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe, wato injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 60, saboda matasa da yawa suna haɗa shi, kuma kusan duk kuskuren da sabon mai sayarwa ke yi yana fitowa a kansa. Kuɗaɗen da za a gani na darasi ne kawai. Ranar da za a koyar, ɗalibi ya je kasuwa da kansa ya ɗauko farashin wannan makon.

Aikin farko a wajen aji ake yin sa. Kafin ɗalibi ya sayi kusa ɗaya ta inji na biyu, a ba shi littafi da biro, a tura shi wajen masu kiwon kaji 20 waɗanda ba danginsa ba. A hana shi tambayar "za ki saya?" Mutanenmu suna da kara, ba wanda zai dubi yaro ya zo da zumuɗinsa ya ce masa ba ya so. Za su ce, "Kai, madalla, Allah ya yi albarka, in ka gama ka kawo." Wannan addu'a ce, kuma tana da amfani, amma ba a rubuta ta a shafin ciniki. Tambayoyin da ake so su ne na abin da ya riga ya faru: "Hajiya, kaji nawa gare ki yanzu? Bara ƙwai nawa kika sa wa kaza, nawa suka fito? 'Yan tsaki a ina kike saye, nawa nawa? Wuta awa nawa kuke samu a rana?" Amsar tambaya ta ƙarshe ita kaɗai tana iya sauya fasalin injin gaba ɗaya. Shaidar cewa mutum yana so da gaske guda ɗaya ce: ya ba da kafin alƙalami, ko da kaɗan ne. In a cikin mutum 20 an samu biyu ko uku sun ciro kuɗi, akwai kasuwa. In ba a samu ko ɗaya ba, a koma kan littafin a duba me suka yi ta kuka da shi, wataƙila abin da ke damunsu ba shi aka ƙera ba.

Daga nan sai lissafin abin da inji ɗaya ya ci, kuma a nan nake so malami ya daɗe, don nan ne yawancin yara suke faɗuwa ba su sani ba. Ka tambayi ɗalibi nawa ya kashe, zai lissafa maka abin da ido ke gani. A ce falanki da kumfar da ke riƙe zafi naira 14,000, na'urar daidaita zafi 9,000, abin dumamawa da fanka 8,000, tiren da ke juya ƙwai da ƙaramar motarsa 22,000, waya da soket da fis da sukurori da gam da fenti 6,000, gilashin leƙawa da maƙallan ƙofa 3,000. Jimla 62,000. Sai ya ɗora 13,000, ya ce zai sayar 75,000, yana murna ya ci riba.

Yanzu malami ya karɓi allin ya fara tambaya. Kayan nan da ƙafa ka ɗauko su daga kasuwar Sabon Gari? A'a, kuɗin mota da ɗan dako 3,000. Da ka gwada injin kwana da kwanaki, wutar wa ka sha? Man janareta ko kuɗin mita 4,000. Kwana nawa ka yi kana aikin? Uku. In da kafinta ka ɗauka, nawa za ka biya shi a wuni? A ce 5,000, ke nan 15,000. Yara suna jin nauyin sa wa kansu lada, suna ganin ai aikinsu ne, amma ranar da oda ta yi yawa dole a ɗauki mai taimako, kuma in farashin bai ƙunshi ladansa ba, daga aljihu za a biya shi. Sai kwali da leda da takardar bayani 2,000. Sai ɓarna: falankin da aka yanka ba daidai ba, na'urar da ta ƙone wajen haɗa waya, a ware mata kamar kashi 5 cikin 100 na kuɗin kaya, wato wajen 3,000. Sai ajiyar gyara 4,000, domin cikin injuna goma ba za a rasa wanda zai dawo ba. Waɗannan sun tashi 31,000. Ashe inji ɗaya ya ci 93,000, kuma wanda ya sayar 75,000 yana asarar 18,000 a kowane guda. Irin wannan ɗalibi, iya yawan cinikinsa iya saurin karyewarsa.

Akwai kuma kuɗin da ake biya ko an sayar ko ba a sayar ba: a ce hayar shago 20,000 a wata, data da talla 10,000, abin da ake warewa don zarto da injin huda da sauran kayan aiki masu tsufa 6,000. Jimla 36,000. In aka sa farashi 120,000, kowane inji yana barin 27,000, don haka sai an sayar da biyu a wata kafin a biya waɗannan a fara ganin riba. In kuwa ta hannun mai shagon kayan kiwo za a sayar, shi kuma yana ɗaukar la'adar kashi 15 cikin 100, wato 18,000, abin da ya rage wa mai ƙira 9,000 ne, kuma sai ya sayar da huɗu a wata kafin ya tashi ba riba ba faɗuwa. A sa kowane ɗalibi ya yi wannan lissafi a kan nasa kayan, da hannunsa, sau uku da farashi uku daban-daban, har ya iya faɗin adadin da zai fitar da shi ba tare da ya duba takarda ba.

Wani tarko da ya kamata a nuna a allo shi ne na rangwame. Ɗalibi ya ɗora kashi 20 a kan 93,000, ya zama 111,600. Mai saye ya matsa, ya ce to na rage maka kashi 20, yana zaton ribar kawai ya yafe. Kashi 20 na 111,600 shi ne 22,320, saura 89,280, ya shiga cikin uwar kuɗi da 3,720. Tunda kasuwarmu ta tayi ce, dole yaro ya fita da farashi biyu a kansa: wanda zai faɗa, da wanda in an taya ƙasa da shi zai ce "albarka" ya yi shiru. Wannan shirun ma koyar da shi ake yi. A yi wasan ciniki a aji, malami ya zama Alhajin da ya iya tayi, ya raina kayan, ya juya kamar zai tafi, a ga ko yaron zai kira shi ya sallama da asara. In ana so a kyautata wa mai saye, gara a yi masa gyara da abin da bai da tsada a wajenka amma yana da daraja a wajensa, kamar tocilar haska ƙwai ko zuwa gida a kafa masa injin kyauta.

Sannan a tuna masa cewa farashin kaya yana tashi. Da kuɗin da zai sake sayen kayan gobe ake lissafi, ba da wanda ya saya wata uku da suka wuce ba. Duk farashin da ya ba mai oda, ya rubuta cewa na mako biyu ne.

Shi mai saye nasa lissafin daban ne, kuma dole ɗalibi ya iya yi masa shi da gaskiya. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo a kwana 26 zuwa 28, kuma duk tsawon lokacin ana son zafi ya tsaya wajen digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Inda wuta ke ɗaukewa rabin wuni, injin da ba shi da batir kashe ƙwai zai yi. A ce injin yana jan wat 40 a matsakaici. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya a rubuce, amma in irin na dalma ne, rabi kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 600, wanda zai riƙe injin awa 15. Ke nan mai saye yana buƙatar batir da farantin sola ko wata hanyar caji, kuma kuɗinsu yana iya kai kuɗin injin ko ya wuce. Yaron da ya ɓoye wannan don kada ciniki ya watse, zai sayar da inji ɗaya ya rasa unguwa guda. A faɗa tun farko, a kawo farashi iri biyu, da batir da babu batir, mutum ya zaɓa.

Kafin a kai kasuwa, injin ya yi ƙyanƙyasa aƙalla sau uku a hannun mai shi, ana rubuta komai: ƙwai nawa aka sa, nawa aka cire, nawa suka fito, zafi safe da rana da dare. A riƙa gwada na'urar zafin da wani ma'auni na daban, irin na asibiti, domin na'urori masu araha sukan yi kuskuren digiri ɗaya, kuma digiri ɗaya ya isa ya sa 'yan tsaki su fito da wuri a raunane ko su makara. A auna kusurwa huɗu da tsakiya. In fanka ba ta zagaya da iska daidai, ƙwan da ke kusa da abin dumamawa ya dahu, na gefe ya yi sanyi. Wannan littafin gwaji shi ne babban abin tallar yaron. Ya faɗi abin da ya samu, kada ya ƙara ko ɗaya, kuma kada a taɓa barin sa ya yi alƙawarin ɗari bisa ɗari.

Yawancin ƙorafin da zai dawo masa ba daga injin zai fito ba, daga yadda aka yi amfani da shi ne, amma sunansa ne zai ɓaci. Wani zai sayo kiret ɗin ƙwan gidan gona daga shago, na kajin da ba zakara a cikinsu, ya zuba, ya jira kwana 21, sannan ya zo yana faɗa. Wani zai tara ƙwai sati uku kafin ya sa, alhali wanda ya wuce mako ɗaya a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi. Wata za ta bar tiren ruwa ya bushe a lokacin hunturu, ɗan tsako ya maƙale a cikin ɓawo. Yara su yi ta buɗe ƙofa suna leƙe. Maganin wannan takarda ɗaya ce, da Hausa, da manyan haruffa da zane, a manna a jikin injin: a sa ƙwai mai zakara wanda bai wuce kwana 7 ba, a haska da tocila a kwana na 7 a cire wanda ba jijiya a ciki kafin ya zama baragurbi, laima ta tsaya wajen kashi 50 zuwa 55, a ƙara ta zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, a daina juya ƙwan kaza a kwana na 18, kada a buɗe ƙofa lokacin ƙyanƙyasa. Ga wanda ba ya karatun boko, a yi masa saƙon murya a WhatsApp, ko a rubuta da ajami. Garantin ma a rubuce: wata nawa ne, me ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba. Kuma a zaɓi kayan haɗi waɗanda ake samu a kasuwar kusa, don in fanka ta mutu a kwana na 12, a sauya ta a ranar.

Sabon abu sai an gani ake yarda da shi. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin koyi a aikinsa ga mai sayarwa shi ne yadda ya kai abin ga jama'a: maginan tukwane na gida ya ba aikin, ya fara da raba tukwanen a ƙauyuka don mutane su gwada da kansu, sannan aka shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana nunawa ƙauye ƙauye. Mai injin ƙyanƙyasa ya yi makamancin haka daidai ƙarfinsa. Ya ajiye inji ɗaya a shagon mai sayar da abincin kaji, ya daidaita lokaci yadda ƙyanƙyasar za ta faɗo ranar kasuwa. Mutum ya leƙa ta gilashi ya ga ɓawo ya tsage, ɗan baki ya leƙo, ɗan tsako ya fito jiƙe yana layi, bayan awa kaɗan ya bushe ya miƙe yana tsuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar dogon bayani. Lokaci ma a lura da shi: zabi da damina suke zuba ƙwai, don haka mai neman masu kiwon zabi ya shirya kayansa tun bazara.

Sai maganar riƙon kuɗi, wadda take kashe sana'ar da ke da riba a takarda. A koya wa ɗalibi karɓar rabin kuɗi ko fiye kafin ya fara aiki, yadda kafin alƙalamin zai sayi kayan haɗi, sauran kuma a biya ranar ɗauka. Wannan tsari na yin oda a ƙera maka abu sananne ne a fiƙihu, shi ake kira istisna'i, sharaɗinsa a fayyace siffar kaya da farashi tun farko. Kuɗin sana'a su zauna a asusu daban, kada su haɗu da na katin waya da na cefane. Littafi ɗaya, shafi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, a rubuta a ranar, kuma kowane ciniki da rasit. Bashi kuwa, mafi wuyarsa na dangi ne. Yaro ba zai iya duban kawunsa ya ce a'a ba, don haka malami ya ba shi abin faɗa: "Kawu, kuɗin kayan ba nawa ba ne, na masu oda ne, amma ladan aikina na bar maka." Ya girmama babba, jarinsa kuma bai taɓu ba.

In wani mai hali ya ce zai zuba jari, a zauna a rubuta kafin kuɗi su shiga hannu: nawa ya kawo, kashi nawa na riba kowa zai ɗauka, wa ke da ƙirar, yaya za a rabu in an tashi rabuwa. A tsarin mudaraba na fiƙihu, inda wani ke kawo jari wani ke yin aiki, riba ana raba ta bisa kason da aka yarda, asara kuma tana kan mai dukiya matuƙar mai aiki bai yi sakaci ba. A sa shaidu biyu su sa hannu. Abokai biyu da suka ƙera abu tare su ma su yi wannan takarda tun ana dariya.

Takardun hukuma suna zuwa ne bayan an tabbatar akwai masu saye, ban da abu ɗaya da zan ambata. A Najeriya ana rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ta intanet, kuma da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Wanda bai kai shekara 18 ba, babba ya tsaya masa. Kayan da aka ƙera a gida hukumar SON ce ke duba ingancinsu ƙarƙashin shirin MANCAP, abinci da abin sha da sabulu da man shafawa kuma sai da lambar NAFDAC. Akwai cibiyoyin renon fasaha na hukumar NBTI a jihohi, har da Kano, da kuma SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i; ya kamata malami ya kai ɗalibansa su ga wurin da idonsu.

Abin da ba ya jira shi ne haƙƙin ƙirƙira, in har akwai sabuwar dabara ta gaske. Dokar Najeriya ta 1970 tana ba da kariyar shekara 20, ana biyan kuɗi duk shekara, amma sharaɗin shi ne abin ya kasance sabo, bai riga ya bazu ga jama'a ba kafin ranar shigar da takarda. Wanda ya ɗauki bidiyon cikin injinsa ya bayyana sirrin a TikTok, yana iya rushe haƙƙinsa da hannunsa. A fara shigar da takarda, sannan a yi talla. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen wannan rajista. Kariyar ta tsaya a iyakar ƙasa: takardar Abuja ba ta aiki a Maraɗi. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, Ghana da Sudan kuma suna cikin wata ƙungiyar rajista daban mai suna ARIPO. Sai dai a gaya wa yaro gaskiya: injin ƙyanƙyasa tsohon abu ne, haɗa shi da kayan gida bai mai da shi sabuwar ƙirƙira ba. Mafi yawan ɗalibai abin da zai amfane su shi ne suna da tambari. Rajistar tambari a Najeriya tana yin shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Makwaikwaya za su fito, ko shakka babu, da zarar an ga abin yana tafiya. Abin da ba za su iya kwafa da sauri ba shi ne littafin gwaji da amanar da aka gina da masu saye.

Ita wannan amana bayan an karɓi kuɗi ake gina ta. Kowane inji a buga masa lamba a jiki, a rubuta a littafi: lamba ta nawa, wa ya saya, yaushe, wace irin na'ura aka sa a ciki. In wata matsala ta ɓullo a guda uku, a duba ko kayansu daga sari ɗaya suka fito. Sannan ɗalibi ya sa wa kansa ranakun kira biyu ga kowane mai saye. A kwana na 7 da sa ƙwai ya kira ya ce, "Hajiya, an haska ƙwan? Guda nawa kika cire? Ruwan tiren fa?" A kwana na 22 ya sake kira ya ji nawa suka fito. In sakamakon ya yi kyau, ya nemi izinin ɗaukar hoton 'yan tsakin, ya kuma tambaye ta ko akwai wata mai kiwo a cikin 'yan adashinsu da zai je ya gaisar. In bai yi kyau ba, ya hau mota ya je da ma'aunin zafinsa, ya fasa ƙwai biyu ko uku daga waɗanda ba su fito ba ya duba: wanda ba komai a ciki, matsalar zakara ce ko tsufan ƙwai, wanda ɗan tsako ya cika ya mutu a ɓawo, a binciki laima da iska da ɗaukewar wuta a kwanakin ƙarshe. Abin da ya gano ya shiga littafi, kuma a gyara shi a inji na gaba kafin a yanka falanki.